Ɗan wa aka kama? Amurkawa da yaƙin gwamnatinsu da miyagun ƙwayoyi

A daren 5 ga Satumba, 1989, Shugaban Amurka George H. W. Bush ya bayyana a talabijin daga ofishinsa, ya ɗaga wata 'yar leda ya nuna wa ƙasa baki ɗaya. Kirak ne a ciki, wato hodar ibilis da ake dafawa ta dunƙule, a riƙa zuƙar hayaƙinta. Ya ce an kama ta ne a dandalin da ke tsallaken titi, daura da Fadar White House. Ba a rufa wata guda ba jaridar Washington Post ta tono asirin. Ashe ba a saba cinikin ƙwaya a wannan dandali ba. Jami'an hukumar DEA, mai yaƙi da fataucin ƙwayoyi, su ne suka jawo wani matashi baƙar fata, ɗan sakandare, daga wata unguwa ya kawo musu kayan can, don shugaba ya samu abin nunawa. Sai da aka yi wa yaron kwatancen inda fadar take. Daga baya an yanke masa shekara 10 bisa wasu tuhume-tuhumen sayar da ƙwaya.

A wannan watan, ƙuri'ar jin ra'ayi ta jaridar New York Times da gidan talabijin na CBS ta nuna kashi 64 cikin 100 na Amurkawa suna ganin ƙwaya ce babbar matsalar ƙasarsu. Da shekara ta zagayo, adadin ya sauko zuwa wajen kashi 10. Ƙwaya tana nan inda take, hankalin 'yan jarida da 'yan siyasa ne ya koma kan Iraƙi da matsin tattalin arziki. Firgicin ya lafa, amma dokokin da aka kafa a cikinsa suka zauna daram, suna ta cin mutane har sama da shekara 20.

Labari biyu aka saba ji game da wannan yaƙi. Na farko ya ce makirci ne gwamnati ta ƙulla wa baƙar fata tun daga tushe. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da maganar da mujallar Harper's ta buga a 2016, inda ɗan jarida Dan Baum ya ce John Ehrlichman, mashawarcin Shugaba Nixon kan harkokin cikin gida, ya faɗa masa a 1994 cewa da gangan suka jingina wiwi ga masu adawa da yaƙin Biyetnam, suka jingina hiroyin ga baƙar fata, don su samu hanyar kama shugabanninsu da watsa tarukansu. Iyalan Ehrlichman sun ƙaryata, shi kuwa ya rasu tun 1999. Labari na biyu ya ce babu wani makirci, jama'a ne da kansu, har da baƙar fatan, suka roƙi a tsananta. Kowanne yana da gaskiyarsa, kuma kowanne ya bar abu mafi muhimmanci a baya. Kukan da unguwannin da ƙwaya ta yi wa ɓarna suka riƙa yi, abu biyu ne a haɗe: a kore mana dillalai, a yi wa 'ya'yanmu magani. Gwamnati takan ji na farkon da sauri. Na biyun kuwa sai ranar da abin ya taɓa ɗan wanda ake jin maganarsa.

A fara da Harlem, unguwar baƙar fata a birnin New York, a shekarun 1960. Hiroyin ta cika unguwar, kuma mai shanta in ba shi da kuɗi sai ya fasa gidan maƙwabci ko ya ƙwace jakar tsohuwa a bakin titi. 'Yan sanda sun yi ko oho, wasunsu ma da su ake cin kasuwar. A nan ne wani fasto mai suna Oberia Dempsey ya tara 'yan sa-kai suna sintiri, yana yawo da bindiga a jikinsa, yana kiran a yi wa dillalai hukunci mafi tsanani. Ba shi kaɗai ba ne. Iyaye mata, masu shaguna, shugabannin coci, da yawa sun yi irin wannan kira, kuma duk wanda ya ce ruɗarsu aka yi bai san abin da ake nufi da zama a gidan da ake yin allura a ƙofarsa ba.

A daidai wannan lokaci, kuma a cikin birni ɗaya, an yi wata zanga-zangar da ba a cika tunawa da ita ba. A Nuwamba 1970, 'yan ƙungiyar Young Lords, matasa 'yan asalin Puerto Rico, da wasu 'yan Black Panthers, ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata, da ma'aikatan lafiya, suka mamaye wani ɓangare na asibitin Lincoln a Kudancin Bronx. Buƙatarsu ɗaya ce: a buɗe wurin yaye masu shan hiroyin, domin unguwar tana cikin waɗanda abin ya fi ƙamari amma babu inda mutum zai je ya ce a taimake shi. Suka buɗe da hannunsu, mutane suka yi layi. Wurin ya yi aiki a hannun 'yan unguwa har 1978, lokacin da hukumomin birnin suka ƙwace shi. Dempsey da waɗannan matasa ba sa ga maciji a siyasa, amma ciwo ɗaya ne ya fito da su.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne Nixon, wanda a 17 ga Yuni, 1971 ya ayyana shan ƙwaya a matsayin abokin gabar al'umma na ɗaya, ya zuba kaso mafi tsoka na kuɗin yaƙin a wajen magani. Ya naɗa likita, Jerome Jaffe, ya jagoranci aikin, aka baza cibiyoyin ba da maganin metadon, wanda ake ba mai shan hiroyin don ya iya dainawa. Dalilin a fili yake. Wasu 'yan majalisa biyu da suka ziyarci Biyetnam a farkon shekarar sun ƙiyasta kashi 10 zuwa 15 na sojojin Amurka da ke can sun kamu da hiroyin. Sojan da zai dawo gida ɗan kowa ne, ba wanda zai yarda a kai shi kurkuku. Shekara guda kafin nan ma, a 1970, Majalisar Dokoki ta soke yawancin hukunce-hukuncen tilas da aka kafa a shekarun 1950, waɗanda ke hana alƙali sassauci, saboda an gwada an ga ba su rage komai ba. Bush, yana ɗan majalisa daga Texas a lokacin, yana cikin waɗanda suka goyi bayan sokewar.

Jihar New York ce ta dawo da abin da tarayya ta yar. Gwamna Nelson Rockefeller, wanda ya kashe maƙudan kuɗi a wani shirin tsare masu shaye-shaye da sunan magani bai ga amfani ba, kuma yana hangen kujerar shugaban ƙasa, ya sa hannu a Mayu 1973 kan dokar da ta ce wanda aka kama yana sayar da kimanin gram 28 na hiroyin ko hodar ibilis, ko yana riƙe da kimanin gram 56, zai yi shekara 15 aƙalla, har zuwa rai da rai. Daidai da mai kisan kai ke nan. Wasu fastocin Harlem sun tsaya a bayansa, 'yan majalisar jihar baƙar fata da dama kuma sun ƙi. Manyan 'yan fatauci ba su cika faɗawa tarkon ba, domin ba su suke riƙe kaya ba. 'Yan aike da masu sayarwa don su samu na sha, su ne suka cika gidajen yarin, kuma a ƙarshe kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka ɗaure da wannan doka baƙar fata ne ko 'yan asalin Latin Amurka.

A ɗaya gefen ƙasar kuwa, wani labarin daban ake yi. Wiwi ta shiga jami'o'i, 'ya'yan farar fata masu hali suka fara kwana a ofishin 'yan sanda. A 1969 aka yanke wa wani ɗan gwagwarmaya a Michigan, John Sinclair, ɗaurin da zai kai shekara 10 saboda naɗin wiwi biyu da ya ba wata 'yar sandan ciki. A 10 ga Disamba, 1971, mutum kusan 15,000 suka taru a garin Ann Arbor, da manyan mawaƙa da 'yan siyasa, suna neman a sake shi. Kwana uku bayan taron ya fito. A 1972 kwamitin da Nixon ya kafa da kansa, ƙarƙashin tsohon gwamnan Pennsylvania Raymond Shafer, ya ba da shawarar a daina ɗaure mutum don an same shi da 'yar wiwin da zai sha. Nixon ya yi watsi da rahoton, amma jihohi suka ɗauka. Oregon ce ta fara a 1973, zuwa 1978 sama da jihohi 10 sun mayar da laifin na tara. Shugaba Jimmy Carter ya gaya wa Majalisa a 1977 cewa bai kamata hukunci ya fi ƙwayar kanta cutar da mutum ba. Masu goyon bayan halatta wiwi, a ƙididdigar cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup, sun tashi daga kashi 12 a 1969 zuwa kashi 28 a 1977.

A lura da shekarun. A 1973 ɗin da Oregon ke sassauta wa mai wiwi, a cikinta New York ke ƙulle ɗan aiken hiroyin shekara 15.

Waɗanda suka juya akalar wiwi ba 'yan sanda ba ne, iyaye ne. A 1976 wata mata a birnin Atlanta, Marsha Schuchard, ta tarar da yara 'yan shekara 12 da 13 suna shan wiwi a bikin zagayowar ranar haihuwar 'yarta. Ta tara maƙwabta, abin ya bazu, cikin 'yan shekaru ƙungiyoyin iyaye suka kai dubbai. Suna da hujja: binciken shekara-shekara na ɗaliban ajin ƙarshe a sakandare ya nuna a 1978 kusan ɗaya cikin 9 yana shan wiwi kullum, kuma shaguna na sayar da kayan shanta a fili. Waɗannan iyaye ba su fito don a ɗaure 'ya'yansu ba. So suke a rufe shagunan, a daina yi wa abin ado, a kama mai kawowa daga waje. Wannan ne ya dace da siyasar Ronald Reagan, matarsa Nancy ta rungumi tafiyar da taken nan na cewa yaro ya ce a'a kawai. Goyon bayan halatta wiwi ya koma ƙasa, ya kai kashi 23 a 1985. Daga nan aka samu rabon da ya dawwama: ɗanmu an yaudare shi ne, ɗan wancan gefen gari shi ne mayaudarin.

Sai kirak ta iso, wajen 1984 da 1985. Hodar ibilis ta masu kuɗi ce, amma in aka dafa ta da ruwa da bakin soda, sai a sayar da ɗan gutsure a kan dala 5 ko 10. Tana bugarwa nan take, ta sake mutum nan take, ya koma neman wata. Kasuwar ta fito bakin titi, yara suka riƙe bindigogi suna faɗa kan lungu, kisan kai ya ƙaru a Washington da Los Angeles da New York da Detroit. Kada wani ya ce tsoron ƙirƙira ne. Uwaye sun binne 'ya'ya, kakanni sun yi renon jikokin da iyayensu suka ɓace a cikin hayaƙi.

A 17 ga Yuni, 1986 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Boston Celtics ta ɗauki Len Bias, tauraron Jami'ar Maryland, ɗan shekara 22. Bayan kwana biyu ya rasu sanadin hodar ibilis. Jami'ar tana kusa da Washington, kakakin Majalisar Wakilai Tip O'Neill ɗan Boston ne, zaɓe kuma na tafe a Nuwamba, kowace jam'iyya na tsoron a ce ta yi sanyi. Aka rubuta doka a guje, ba tare da zaman sauraron masana yadda aka saba ba, Reagan ya sa hannu a 27 ga Oktoba. Dokar ta ce gram 5 na kirak shekara 5 ne tilas, alhali mai hoda sai ya kai gram 500 kafin ya samu wannan hukunci. Ninki 100 ke nan, a kan abu ɗaya da wuta kawai ta raba. Bias kansa hoda ya sha, ba kirak ba, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka kirak ce. A 1988 aka ƙara: ko ba sayarwa kake yi ba, riƙe sama da gram 5 na kirak kaɗai ya isa shekara 5.

Kusan rabin 'yan majalisa baƙar fata sun kaɗa wa dokar 1986 ƙuri'ar amincewa. Charles Rangel, wakilin Harlem, shi ne shugaban kwamitin Majalisar Wakilai kan ƙwayoyi, kuma kullum zarginsa ga Reagan shi ne bai yi abin da ya isa ba. Su ma unguwanni ba su zauna jiran gwamnati ba. A farkon 1988, Imam Siraj Wahhaj da jama'ar Masallacin Taqwa a unguwar Bedford-Stuyvesant ta Brooklyn suka yi sintirin kwana 40, dare da rana a cikin sanyi, da sanin 'yan sanda, har suka rufe gidajen sayar da kirak kimanin 15 da ke kewaye da masallacin. A Philadelphia, Herman Wrice ya riƙa jagorantar maƙwabta suna tsayawa ƙofar gidan dillali suna ihu har ya tashi. Ina girmama waɗannan mutane ƙwarai. Amma a duba sauran abin da su Rangel suka riƙa nema tare da 'yan sanda: gadajen asibiti, makarantu, ayyukan yi ga matasan da masana'antu suka rufe suka bari. Kuɗin ya tafi ne wajen kame da gina kurkuku, kusan kashi biyu bisa uku na kasafin yaƙin, mai neman a yaye shi kuma ya yi ta jiran layi wata da watanni.

Wannan zafin kai bai tsaya a Amurka ba, kuma mu ma mun ɗanɗana. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi kisa ga mai fataucin hodar ibilis a Najeriya, a Afrilu 1985 aka harbe mutum uku a Legas, da dokar da aka mayar da ita baya ta hau laifin da aka yi kafin a kafa ta. Jama'ar da ke ƙyamar fataucin ita ce ta yi tir da kisan, gwamnatin Babangida ta cire shi a 1986, aka kafa NDLEA a 1989. A 1994 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta ce ba sa ba ta haɗin kai a yaƙin. A 2024 kuma Majalisar Dattawa ta sake tayar da maganar hukuncin kisa.

Can Amurka, sakamako ya fara bayyana tun farkon shekarun 1990. Waɗanda ke tsare a gidajen yarin ƙasar sun tashi daga kimanin 500,000 a 1980 zuwa miliyan 2.3 a 2008. Ba ƙwaya kaɗai ta kawo wannan ba, amma masu laifin ƙwaya sun tashi daga wajen 41,000 zuwa kusan rabin miliyan, kuma a kurkukun tarayya sun kai kusan rabin fursunoni. Sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya suka ɗaure kan kirak baƙar fata ne, duk da binciken gwamnati ya nuna farar fata masu shanta suna da yawan gaske. Jiki magayi. Uwar da ta yi kiran a kawo 'yan sanda, ita ce yanzu ke shiga motar haya ta yi tafiyar yini guda don ta ga ɗanta ta bayan gilashi. A 1991 Julie Stewart ta kafa ƙungiyar iyalai masu adawa da hukuncin tilas, bayan an ɗaure ɗan'uwanta shekara 5 kan noman wiwi. Labarin Kemba Smith, ɗalibar jami'a da aka yanke wa shekara 24 da rabi saboda harkar saurayinta dillali wanda ke dukanta, ya zagaye cocin baƙar fata da ƙungiyoyin mata har Shugaba Clinton ya sake ta a Disamba 2000.

Shekarar 1995 ita ce ta fi yi mini ciwo a duk wannan tarihi, domin a nan ne uzurin rashin sani ya ƙare. Hukumar tsara hukunce-hukunce ta tarayya, wadda Majalisa ta kafa da kanta, ta yi nazari ta ce babu hujjar ninki 100, ta ba da shawarar a daidaita kirak da hoda. Majalisa ta ƙi, Clinton ya sa hannu kan ƙin. An kaɗa ƙuri'ar a Majalisar Wakilai ne kwana biyu bayan gangamin da dubun dubatar maza baƙar fata suka yi a Washington ranar 16 ga Oktoba. Da labari ya isa gidajen yari, tarzoma ta ɓarke a Talladega ta jihar Alabama, ta bazu zuwa wasu kurkukun, aka kulle fursunonin tarayya a ɗakunansu a faɗin ƙasar. Kowa ya san dokar ba ta adalci ba ce, amma zaɓen 1996 na gaba, ba wanda ke son a ce ya tausaya wa ɗan kirak.

A cikin wannan ɓacin rai ne rahoton Gary Webb ya fito a jaridar San Jose Mercury News a Agusta 1996. Ya bi sawun wasu 'yan Nikaragua da suka riƙa sayar wa wani babban dillali a Los Angeles hodar ibilis, suna da alaƙa da 'yan tawayen Contra da hukumar leƙen asiri ta CIA ke mara wa baya. Rahoton na cikin na farko da intanet ta yaɗa, gidajen rediyon baƙar fata suka ɗauka, aka yi ta gangami, 'yar majalisa Maxine Waters na gaba. A Nuwamba shugaban CIA John Deutch ya je wata makarantar sakandare a kudancin Los Angeles ya tsaya gaban jama'a yana musantawa, ana yi masa ihu. Manyan jaridu suka yi wa Webb ca, jaridarsa ta janye jiki, aikinsa ya lalace. A 1998 babban mai binciken CIA ya ce bai samu shaidar cewa hukumar ta shirya kai ƙwaya unguwannin baƙar fata ba, amma ya amsa cewa ta ci gaba da hulɗa da mutanen da ake zargi da fatauci ba ta yanke ba. Masu yi wa baƙar fata dariyar saurin yarda da jita-jita sun manta cewa daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan maza baƙar fata da ciwon tunjere a Tuskegee ba magani, don a ga yadda cutar ke cin jiki.

Gyara ya zo, amma da jan ƙafa. A garin Tulia na Texas, mai mutum kusan 5,000, an kama 46 a rana ɗaya a 1999, kusan 40 baƙar fata, bisa shaidar jami'in sirri guda ɗaya, ba hoto ba murya. Sai 2003 gwamna ya yafe wa 35, shi kuma jami'in aka same shi da laifin rantsuwar ƙarya a 2005. New York ta cire yawancin hukuncin tilas daga dokokin Rockefeller a 2009, bayan shekaru ana zanga-zanga a Albany da Manhattan. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta rage ninki 100 zuwa 18, amma ba ta shafi waɗanda ke ciki ba sai da wata dokar ta zo a 2018.

Abin da ya sauya harshen 'yan siyasa da gaske wani abu ne daban. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, maganin kashe raɗaɗi mai sinadarin ofiyom, ya tallata shi ga likitoci da cewa ba ya saurin kama mutum. Ya kama miliyoyi. Da aka tsaurara samunsa suka koma hiroyin, daga nan fentanil, wata ƙwaya dangin ofiyom da ta fi hiroyin ƙarfi nesa ba kusa ba. Waɗanda suka fara mutuwa farar fata ne, a ƙauyukan West Virginia da Ohio da Kentucky da unguwannin masu hali. Nan da nan aka fara jin cewa jaraba cuta ce. A 2015 shugaban 'yan sandan garin Gloucester a Massachusetts ya sanar cewa duk mai shan ƙwaya da ya kawo kansa ofis, asibiti za a kai shi, ba kotu ba. A 2016 Majalisa ta ware dala biliyan 1 don magani. Masu zanga-zanga suka koma gidajen tarihi na New York suna neman a cire sunan iyalin Sackler, masu kamfanin, daga bango. Duk wannan daidai ne, kuma ya ceci rayuka. Tambayar da iyayen Harlem da kudancin Los Angeles ke yi ita ce, ina wannan tausayi yake a 1986? Annobar ma ba ta tsaya a gida ɗaya ba: mutuwar ƙwaya ta haura 100,000 a 2021, kuma tun 2020 yawan mace-macen baƙar fata, in aka auna da adadinsu, ya zarce na farar fata.

Wiwi ta bi hanyarta da sauri. Kalifoniya ta halatta ta don magani a 1996, jihohin Colorado da Washington suka halatta ta gaba ɗaya a 2012, kafin ƙarshen 2023 jihohi 24 sun bi, goyon baya a Gallup ya kai kashi 70. Hujjar da ta fi jan hankali ita ce ta rahoton ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU a 2013, cewa baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar a kama shi da wiwi kusan ninki huɗu, alhali yawan sha kusan ɗaya ne.

Jihar Oregon ta gwada zuwa ƙarshen hanya. A Nuwamba 2020, kashi 58 cikin 100 na masu zaɓe suka amince a daina ɗaure mai riƙe da ƙaramin adadi na kowace ƙwaya, a ba shi takardar tarar dala 100 da lambar wayar neman magani, kuɗin harajin wiwi kuma a zuba a cibiyoyin yaye. An yi koyi ne da Fotugal, wadda ta yi haka a 2001, sai dai Fotugal ta gina wuraren magani da kwamitocin da ke zama da mai shan su bi lamarinsa. A Oregon kamen ya tsaya nan take, kuɗin magani ya maƙale a ofisoshi sama da shekara, 'yan kaɗan ne suka kira lambar, fentanil ta iso a daidai lokacin. Mutanen Portland, babban birnin kasuwancin jihar, suka wayi gari ana zuƙa a tashar mota da ƙofar shago. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar su ne suka juya, majalisar jihar ta dawo da hukunci daga 1 ga Satumba, 2024. Ban karanta wannan a matsayin nasarar masu kurkuku ba. Buƙatar nan ce guda biyu ta Harlem ta sake fitowa: wannan karon an ɗauke sanda, ba a kawo maganin a kan kari ba, aka bar maƙwabci da titin da ba ya iya bi.

Cikin shekara huɗu Oregon ta warware dokarta, domin masu ƙorafin masu shaguna ne da masu gidaje da ake ɗaga wayarsu. Bambancin kirak da hoda kuwa, wanda hukumar gwamnati ta ce ba shi da hujja tun 1995, bai mutu ba. A Satumba 2021 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin soke shi gaba ɗaya da ƙuri'a 361, masu ƙi 66, daga jam'iyyun biyu. A Majalisar Dattawa ba a ma kawo shi zaure an kaɗa masa ƙuri'a ba, wa'adin majalisar ya ƙare da shi. A dokar tarayya, gram 28 na kirak shekara 5 ne tilas, mai hoda sai ya kai gram 500.